Fad ɗin birkin gaba ya cinye tun ba a je ko'ina ba, wanne zan saya?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan mota, don abin nan ya fara ci min tuwo a ƙwarya.

Motata Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Amurka, otomatik. Aikinta kai yara makaranta da zuwa ofis, daga Rijiyar Zaki in biyo ta Kabuga in shiga gari, sai kuma zuwa gida Gwarzo idan an samu hutu. Duk wanda ke bin hanyar nan da safe ya san ƙafa ba ta sauka daga kan birki, ga 'yan adaidaita sahu da za su tsaya maka a gaba ba sigina ba komai.

Dab da azumi na canza fad ɗin birki na gaba. Kuɗi na ba yaron gareji ya je ya sayo, aka ɗaura, na biya na kama gabana. Yanzu ko layya ba a yi ba, ga ƙara ta dawo. Siririya ce, ƙiii, daga gefen direba take fitowa, kuma abin mamaki ko ban taka birki ba tana yi, in na taka ne ma take ɗan lafawa. Wilin wannan gefen ya yi baƙi ƙirin da ƙura, na ɗaya gefen kuwa fes. In na iso gida na kai hannu kusa da tayar sai in ji huci na fitowa, har da ɗan ƙauri. Mai ma ina ganin kamar ta ƙara sha.

Ran Asabar na leƙa Ƙofar Ruwa don in ji farashi da kunnena. An nuna min kala huɗu. Wani a farin kwali ba suna ba komai, N8,000. Wani mai suna, N17,000. Wani a kwali mai tambarin Toyota, aka ce N45,000 kuma ba ragi. Sai ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da sauran nama (baƙin abin da ke cinyewa) a jikinsa, N6,000. Na tsaya ina kallonsu, wallahi a idona duk ɗaya ne, ƙarfe ne da baƙin abu manne a jiki.

Bakanikena kuma ya ce fad da dis (faifan ƙarfen da fad ke matsewa) duka za a canza, gefe biyu, alhali ko tayar bai kwance ba. Albashi kun san yadda yake, ga hidimar sallah a gaba. To wanne zan ɗauka a cikin huɗun nan? Dis ɗin dole ne? Kuma aikin nan mutum zai iya yi da kansa a ƙofar gida? Ina da jak da sifanu, ina canza taya da fulogi da kaina.

Direban Jos:

Wa alaikumus salam. Malam, ka rage a wani wurin amma ban da birki. Ni Jos zuwa Abuja nake ɗaukar fasinja, Hawan Kibo nake gangarowa da mutane cike da mota da kaya a but. A nan ake gane fad. Mai arha a cikin gari lafiya lau zai riƙe maka, amma da ya ɗauki zafi a gangara sai ka taka ka ji feda da tauri, mota kuwa tana tafiyarta, ga ƙauri ya cika ko'ina. Mu dai giya muke saukarwa injin ya riƙe motar, birki taimako ne kawai. Taka otomatik ce, tana da 2 da L, don irin wurin nan aka yi su.

Ni ɗan Beljiyam nake sa wa. Wanda kamfani ya ɗaura wa mota a Turai, ko rabi ya rage ya fi min sabon da ban san asalinsa ba.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi ko ɗaya sai an kwance taya.

Abin da ka bayyana ba ciwon fad ba ne. Fad huɗun da aka ɗaura maka a tayoyin gaba daga kwali ɗaya suka fito, da rashin kyansu ne kawai da gefe biyun tare za su cinye. Tunda gefe ɗaya ne ke baƙi, shi ke zafi, shi ke ƙara, to birkin wannan gefen ba ya saki bayan ka ɗaga ƙafa. Kana tafiya yana gugar dis, shi ya sa man ma ya ƙaru. Ƙarar kuwa ta wani ɗan siririn ƙarfe ce da ake maƙalawa a jikin fad da gangan, domin idan naman ya kusa ƙarewa ya taɓa dis ya yi maka ihu. Ya yi aikinsa. In ka ɗauko na N45,000 ɗin nan ka ɗaura a haka, shi ma haka zai cinye, sai dai takaicin ya fi yawa.

Ga yadda abin yake. Kalifa ita ce ƙarfen da ya rungumi dis yana riƙe da fad biyu, kuma ta Corolla fistan ɗaya gare ta, ta ciki. In ka taka birki fistan ɗin ya tura fad na ciki ya danni dis, ita kuma kalifar gaba ɗayanta ta zame a kan wasu fin guda biyu ta janyo fad na waje. Fin ɗin nan su ne maganar. Kowanne yana cikin raminsa da giris, da 'yar roba a baki mai hana ruwa da ƙura shiga. Robar nan in ta yage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya bi baya, ga masu wankin mota da ke harba ruwa da ƙarfi cikin wili, sai fin ya yi tsatsa ya maƙale. Yawancin yaranmu a gareji ba sa ko taɓa shi. Su kwance noti ɗaya, su ɗaga kalifa, su zare tsoho su zura sabo, su ce oga an gama. Wanda ya yi ƙoƙari ya zare fin ɗin kuma sai ya lakato giris ɗin boris ya shafa, wannan kuwa kumbura roba yake yi, bayan 'yan watanni ya bushe ya kama. Giris na silikon ake sa wa a wurin, ɗan ƙaramin tub ne, zai yi maka canji da yawa.

Yadda za ka gane da kanka: ɗaga gefen da jak, taka birki ka saki, ka juya tayar da hannu. In ta ƙi juyawa sai da ƙarfi, ka tabbatar. Ciro fad biyun ka jera su. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa sosai, ko ya cinye a karkace, gefe da kauri gefe ba komai, fin ne, ko kuma fad ɗin ne ya cije a mazauninsa saboda tsatsa. In biyun sun cinye daidai da juna amma sun fi na ɗaya tayar, to ka zargi fistan ko tiyon birki. Tiyo yakan lalace ta ciki ba a gani a waje, man birki ya wuce amma ya kasa komawa. Bakanike na gane wannan da sassauta ɗan notin da ake cire iska: in mai ya fito da ƙarfi tayar ta saki nan take, matsin mai ne ke riƙe ta, tiyo za a fara dubawa, in ba ta saki ba, kalifa ce.

Maganar dis, ba a yanke masa hukunci da ido daga waje. Aunawa ake yi. Na motarka sabo kaurinsa milimita 25 ne, iyakarsa 23, kuma adadin yana nan a rubuce a jikin dis ɗin, ka goge tsatsa za ka gani. In bai kai iyaka ba, ba shi da zurfin tsagi, ba tsagewa, sitiyari ba ya rawa in ka taka birki a guje, bar abinka. Sai dai na gefen direban nan ya sha zafi, ka duba ko ya yi shuɗi-shuɗi. In ya kama a canza, to biyun ake canzawa tare. Fad ma haka, ba a yi wa gefe ɗaya sabo a bar ɗaya da tsoho, mota za ta riƙa fizga in an taka.

Sabon fad na wannan motar namansa wajen milimita 11 ne. Littafin Toyota ya ce iyaka milimita 1, amma mu da ya kai 3 muke cewa a canza, don mai mota ba kullum yake leƙawa ba, kuma in ƙarfe ya haɗu da ƙarfe dis ya tafi.

Za ka iya da kanka? Mai canza fulogi zai iya. Amma ka ji sharuɗɗa. Wuri mai daidai, a ja hambirki, a sa dutse a bayan tayar baya. Kada ka amince wa jak shi kaɗai, a samu ƙarfen tokara, in babu ko tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar. Gefe ɗaya za ka fara ka gama, ɗayan ya zama maka abin dubawa in ka rikice. In ka cire kalifa ka ɗaure ta da waya a jikin sifirin, kada ka bar ta tana reto a jikin tiyo. Ƙurar wurin kada ka hura da baki ko da iska, wasu fad masu arha har yanzu ba a san me aka cuɗa a ciki ba, a da da asbestos ake yi kuma yana lalata huhu. Tsumma mai danshi ya isa. Mazaunin fad ka kankare tsatsarsa da burushin waya har sabon ya riƙa zamewa da yatsa, ba sai an buga da guduma ba.

Wajen mayar da fistan, buɗe murfin tankin man birki ka sa ido, don man zai hau sama. In wani ya taɓa yi maka ciko zai iya ambaliya, kuma man birki cin fenti yake. Ɗora tsohon fad a kan fistan ka matse a hankali. In ya ƙi komawa, tsaya nan, aikin ya wuce ƙofar gida. Giris ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fad ko dis.

Abin da ke jefa mutane cikin masifa kuwa shi ne na ƙarshe: ka gama ka ɗaura taya, kafin motar ta motsa ka yi ta taka feda har sai ta yi tauri. Takun farko ƙasa za ta tafi ba komai, tunda fistan na can ciki. Na ga wanda ya shiga katangar maƙwabci da baya saboda wannan. Daga nan ka samu titi mara cunkoso, ka kai gudun kamar kilomita 60 a awa ka rage zuwa 10 da matsakaicin taku, ka maimaita sau takwas ko goma ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiya ya huce. Kilomita 200 ko 300 na farko ka lallaɓa shi.

Direban Jos, ban ƙi taka gaba ɗaya ba, amma ɗan Beljiyam sa'a ce. Ya riga ya zauna da fuskar wani dis ɗin daban, ba ka san shekara nawa ya yi a jibge ruwa na dukansa ba. Tsatsa na shiga tsakanin nama da ƙarfen baya, wata rana ka taka naman ya ɓalle gaba ɗaya. Ga shi kuma rabi ka saya, kuɗin aiki sau biyu za ka biya.

Mai Shago:

Baba ya gama magana a kan aiki, bari ni kuma in faɗi ta wajenmu, tunda abin da nake sayarwa ke nan.

Farko, “Corolla 2006” ba ta isa bayani ba. Akwai 'yar Amurka, akwai 'yar Turai, akwai 'yar Japan, kuma fad ɗinsu ba lallai ya zo ɗaya ba. Duba lambar shasi a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. In ta fara da 1NX a Kalifoniya aka haɗa ta, 2T1 Kanada, J Japan, SB1 Ingila, NMT Turkiyya. Mafi sauƙi ka zo da tsohon fad ɗin a leda mu ɗora a kan sabo, kunne da kunne.

Na biyu, Toyota ba ita ke dafa fad da hannunta ba, kamfanoni ke yi mata, irin su Akebono da Advics. Ka samu nasu a kwalinsu, ko na Nisshinbo, Bosch, TRW, Ferodo, duk kaya ne na mutunci, kuma sau da yawa ba su kai kuɗin mai tambarin mota ba. Asimco ma yana tafiya sosai a wajen masu neman matsakaici. Matsalar ita ce duk sunan da ya yi kasuwa ana buga kwalinsa. Kwali ba shaida ba ne, na faɗa maka a matsayin mai shago. Tsada ma ba shaida ba ce, don mai jabu ya san in ya karya farashi za a gane shi.

Buɗe kwalin ka duba kayan. A gefen naman ko a bayan ƙarfen za ka ga lambobi, a ƙarshensu haruffa biyu, kamar EE ko FF ko GG. Ma'aunin kamun fad ɗin ne, harafin farko yana sanyi, na biyu ya yi zafi. E daga 0.25 zuwa 0.35 ne, F daga 0.35 zuwa 0.45, G daga 0.45 zuwa 0.55. Irin motarka FF ya wadatar. In ka ga FE, ma'ana kamunsa na raguwa in ya yi zafi, abin da direban Jos ke kuka da shi ke nan. Kayan da aka yi don kasuwar Turai kuma za ka ga alamar E a cikin da'ira da 90R, wato an gwada shi bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba. Mai jabu na iya buga wannan ma, gaskiya ne, amma wanda babu komai a jikinsa ko kunyar ƙarya bai ji ba, ajiye shi.

Sai ka duba aikin hannu. Ƙarfen baya ya zama da kauri, a miƙe, fenti bai yi gaje-gaje ba. Inda nama ya haɗu da ƙarfe kada ka ga rata ko gam ya tsiyayo. Ka murza gefen naman da babban yatsa, in yana zubar da gari bar shi. Mai kyau na zuwa da siririn faranti a baya mai hana ƙara, da ɗan ƙarfen ihun da Baba ya ambata.

Za a ce maka wannan siramik ne, wannan mai ƙarfe-ƙarfe ne. Siramik ba ya ƙara, ba ya baƙanta wili sosai, ya dace da zirga-zirgar gari. Mai ƙarfe ya fi jure zafi da lodi, amma ya fi cin dis kuma yakan yi surutu. Kai na gari ne, kowanne ka samu na gaske zai yi maka.

A cikin huɗun da ka lissafa, ni mai sunan nan na N17,000 zan ɗauka, in a shagon da za ka iya komawa ne, kuma a rubuta maka rasit da sunan kayan. Ragowar kuɗin ka sayi robobin fin da giris.

Maman Sadik:

Ni ban san fistan ba ban san fin ba, amma shekara da shekaru ina tuƙa kaina zuwa aiki, kuma ga abin da na tsaya a kai. Ba na ba da kuɗi a sayo min. Ko in je da kaina, ko in tura ƙanena, a kawo kwalin a rufe a buɗe shi a gabana. Kuma duk abin da aka cire daga motata a sa min a but. Tun da na fara haka, “Hajiya wannan ma ya mutu” ta ragu sosai.

Amma Baba, ni ban goyi bayan ya yi da kansa ba. Motar da ake ɗaukar yara a ciki? Kuɗin aikin nawa ne duka-duka? Ya sayi kayansa, ya je ya zauna a kan benci ya sa ido, ya ce a zare fin ɗin nan a gabansa.

Tsohon Bakanike:

Hajiya, maganarki na kan hanya. Ni dai abin da ya dame ni a zare fin ɗin, ko wa zai zare. In zai zauna a kan benci, to ya tafi da sassafe kafin gareji ya cika, lokacin da maigidan ke da sukunin dubawa da kansa.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi ta tsakiya: na kwance a gida don in gani, aikin kuma na kai gareji.

Baba, kamar kana wurin. Tayar gefen direba da kyar take juyawa. Fad na ciki ya kusa kaiwa ƙarfe, na waje kuwa da namansa fiye da rabi. Fin na sama ya fito da yatsa, na ƙasa sai da aka kama shi da filaya ana murɗawa, ya fito ja wur da tsatsa, robarsa a yage. Na ɗaya gefen fad biyun ko rabi ba su ci ba. Lambar shasi 2T1 ce. Na ɗauki na N17,000, FF ne a jikinsa, na haɗa da robobi da fin sabo guda ɗaya don tsohon ya yi ramuka. Dis an auna, na direba 24 da ɗan wani abu, ɗayan ya fi haka kaɗan, babu tsagi, aka goge fuskarsu da samfefa aka mayar. Ƙara ta ɗauke, wili ba ya zafi.

Saura abu ɗaya. Man birkin da na gani a tanki ya yi duhu sosai, kuma tun da na sayi motar ban san an taɓa canza shi ba. Yaron garejin ya ce ba a canza man birki, ciko kawai ake yi. Haka ne?

Tsohon Bakanike:

Ba haka ba ne. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali. DOT 3, nau'in man birkin da aka rubuta a murfin tankinka, sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa ma'aunin na sauka zuwa wajen 140, kuma gefen nan naka ya daɗe yana dafa shi. Ruwan da ke ciki kuma shi ke sa fistan tsatsa. Duk shekara biyu zuwa uku a zubar a sa sabo. Ka sayi DOT 3 ko DOT 4 a roba mai hatimi, ba na awo ba, kuma ban da DOT 5, wannan na silikon ne ba ya haɗuwa da su. A zuƙe tsohon da ke tanki, a cika da sabo, a bi tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya ana fitarwa har mai tsabta ya fito, kada a bari tankin ya ƙafe a tsakani. Tunda za a kwance tayoyin baya, ka ce a buɗe duram a duba takalman birkin da ke ciki, a ga ko silindar ba ta yoyo.